Baba Gajimare, Mai Gadin Sama

Ƙarfe shida da rabi na safe, kafin masu wanke gilasai su gama cika bokitansu, shi ya riga ya jingine kekensa a gindin tankin ruwa. Sai ya rataya jakarsa a wuya, ya kama tsanin ƙarfe, ya fara hawa. Matakala sittin da huɗu ne. Shi ya faɗa mini, don ni ranar da na gwada ban wuce ta goma ba na sauko. A can sama akwai ɗan dandamali da bai fi faɗin tabarma biyu ba, da kujerar roba da ya ɗaure da waya don kada iska ta yi gaba da ita, da wani jan tsumma da ya ƙulla a jikin ƙarfe. A jakar akwai fulas ɗin shayi, da tabaron hangen nesa mai tsagaggen ido ɗaya, da oba-oba ta magana da abokan aiki, da agogon hannu marar maɗauri. Nan zai zauna har rana ta yi sanyi. Aikinsa kallon sama.

Na san yadda maganar take a kunne. Ni ma da aka fara gaya mini dariya na yi, na ce ashe akwai wanda ake ɗauka aiki don ya zauna yana shan iska, mu muna nan muna fama da jini da majina. Abokan aikinsa ma da tsokana suka laƙaba masa Baba Gajimare. Sunan ya bi shi har gida, har jikokinsa da shi suke kiransa. A watan jiya ya ajiye aiki bayan shekara talatin da ɗaya, aka yi masa ɗan taro a ofis, aka ba shi agogon bango. Ni dai na ga agogon bango ya yi kaɗan, shi ya sa na ɗauki biro.

Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin wankin ƙoda. Bari in faɗi abin da ya haɗa ɗakina da tankin ruwansa.

A da, wutar garinmu daga tsohuwar tasha take fitowa. Injuna ne manya masu shan mai, a fili da bai kai filin ƙwallo biyu ba. Ƙara kamar ta fasa kunne, hayaƙi kuwa matan unguwar ba sa iya shanya farin kaya. Amma ko ruwa ake kamar da bakin ƙwarya, in ka ba su mai za su ba ka wuta. A nan Baba ya yi shekara goma sha tara.

Sai aka kawo gonar sola. Faya-fayan gilashi ne jere a kan ƙafafun ƙarfe, iya ganinka, in ka hau keke daga wannan ƙarshe zuwa wancan sai ka yi minti arba'in. An tashi manoma kafin a sami wannan fili, hanyar da mutanen ƙauye suke yankewa zuwa kasuwa ta zama zagaye, kuma kullum sai an sha ruwa tanki guda wajen wanke gilasan. Ba zan yi mata ƙazafi ba: hayaƙi ya ɗauke, yaran unguwar tasha sun rage tari, kuma rana ba ta taɓa cewa mai ya yanke ba. Amma tana da hali. Da yamma ta yi sai ta naɗe hannu. In kuma gajimare ya rufe ta da tsakar rana, wutar da take bayarwa faɗuwa take yi warwas.

An kafa mata batura, amma minti goma sha biyu kawai suke iya riƙe gari. An kuma bar inji ɗaya a tsohuwar tasha, wanda ma'aikata suke kira Tsohuwa, ana kashe ta da rana don a rage shan mai. Ita kuwa Tsohuwa ba a tashinta da gaggawa. Sai ta yi tari, ta yi miƙa, jikinta ya yi ɗumi, minti ashirin da biyar cur, kafin ta ɗauki kaya. To ka ga in aka jira sai gajimare ya rufe gona sannan a tashe ta, gari zai zauna babu wuta na wajen minti goma sha uku. Ga mai aski ko mai walda wannan tsaki ne kawai. A ɗakinmu ba tsaki ba ne.

Mai wankin ƙoda awa huɗu yake yi a kwance, jininsa yana fita ta roba, yana ratsa na'ura, yana komawa jikinsa. A kowane lokaci akwai jinin da ya kai cikin kofi babba a waje. In wuta ta ɗauke famfon ya tsaya, jinin nan daskarewa yake yi, sai dai a zubar. Mafita ɗaya ce, mu kama hannun famfon mu juya da kanmu har mu mayar masa da abinsa. Na'urorinmu shida ne, mu uku ne a bakin aiki. Janaretan asibitinmu kuwa sai ranar da ya tashi da farin ciki.

A shekarar farko ta gonar, Baba ya zo duba wani maƙwabcinsa da yake kwance a wurinmu, aka ɗauke wuta yana tsaye. Ya ga yadda muka rikice, ni ina juya famfo da hannun dama ina miƙa na hagu ga wata na'urar, mai shara ma sai da muka sa ta juya ɗaya. Da ƙura ta lafa sai ya matso, hularsa a hannu.

"Sista, don Allah minti nawa kuke buƙata in kun sani tun kafin a ɗauke?"

Ko kallonsa ban yi ba. Na ce, "Ashirin. Kana da su ne ka ba mu?"

Ya ce, "Ba ni lambar ɗakin nan."

A bayan hannunsa ya rubuta ta. A lokacin aikinsa a gonar shi ne duba wayoyi. Shi ya je ya roƙi a bar shi ya riƙa hawa tanki, ba wanda ya sa shi. Bayan kwana huɗu wayar ɗakinmu ta yi ƙara. "Sista, ni ne na ranar nan. Kada ku ɗora sabon mutum. Na sa a tashi Tsohuwa, amma ban sani ba ko za ta riga gajimaren." Na leƙa taga, rana tar. Minti ashirin da biyu bayan haka sama ta yi duhu.

Yadda yake yi, ya taɓa nuna mini daga ƙasa. Daga gabas akwai wani dutse, tsakaninsa da gona akwai turken sadarwa. In inuwar gajimare ta sauka a kan dutsen sai ya kalli agogo, in ta iso turken ya sake kallo, daga nan ya san saurinta da lokacin da za ta iso. Jan tsumman yana gaya masa inda iska ta nufa. Sauran kuwa ya ce ba ya faɗuwa: launin cikin gajimaren ne, da yadda tsuntsaye suke saukowa ƙasa-ƙasa, da wani sanyi da yake ji a ƙeya. In ya gamsu sai ya kira amininsa mai kula da Tsohuwa, wanda ƙarar injuna ta taɓa wa kunne har ake ce masa Kurma. Ma'aikata sun ce in su biyun suna magana a oba-oba, ba sai da oba-obar ba.

"Kurma! Tashe ta!"

"Ka ce me?"

"Na ce tashi matarka, baƙi na tafe!"

"To ai sai ka yi magana kamar namiji!"

Daga nan sai ya kira mu. Kai ne muryar da muka yi shekara goma sha biyu muna ji, da yawanmu ba su san fuskarka ba, Baba. Kai ne kake cin abincin ranarka da ido ɗaya a kan dutse. Matarka ta gaya mini ko biki kuka je da damina, a bakin ƙofa kake zama inda za ka ga gabas.

Ba zan ce bai taɓa kuskure ba, don shi ma ba zai yarda in faɗi haka ba. Gajimare yana da yaudara. Zai taho gadan-gadan, ya zo dab da turke ya karkata kudu abinsa. Shekara uku da suka wuce aka kawo sabon manaja, injiniya matashi mai ilimi da son aiki, ya zo da wani babban allo da yake nuna hoton sama daga tauraron ɗan adam. Ya ga kowane kiran ƙarya na Baba mai ne ake ƙonawa a banza, kuma shi manajan ne manyansa suke tuhuma. Ya kafa doka cewa ba a tashin Tsohuwa sai allo ya yarda.

Wata Laraba Baba ya ga abin da bai yi masa ba, allo bai nuna komai ba, ya kira Kurma, Kurma kuwa bai saba tambayarsa dalili ba. Tsohuwa ta yi awa ɗaya da rabi tana ruri, gajimare ya bi ta kudu ya wuce ko inuwarsa ba mu gani ba. Mu ma a ɗakinmu mun sauke mutum huɗu a tsakiyar wanki. Wani dattijo da ya yi tafiyar awa biyu ya wanke ni tas, ta inda yake shiga ba ta nan yake fita ba. Ni kuma da haushin ya cika ni sai na ɗauki waya na sauke shi a kan Baba. Na ce masa, "Baba, in ido ya gaji a huta mana. Ba da garin rogo muke wasa a nan ba, da jinin mutane ne." Ya ce, "Kin yi gaskiya, 'yata. Ki ba dattijon haƙuri." Har yau in na tuna maganar nan sai in ji kunya ta rufe ni.

Manaja ya kira shi ofis. Wadda ta ba ni labarin abin da ya faru ita ce shugabar masu wanke gilasai, mace mai 'ya'ya biyar da baki kamar reza, wadda kowa yake kira Uwar Bokiti. Ta ce tana goge tagar ofishin, kuma ta ɗauki lokacinta.

"Baba, ka san doka ko ba ka sani ba?"

"Na sani, yallaɓai. Na yi kuskure, ba na musu."

"To ka yi mini alkawari ba za ka sake ba."

"Wannan ne ba zan iya ba, yallaɓai. In na ga irinsa gobe zan sake kira. Ba na so in yi maka alkawari in karya."

Aka dakatar da shi mako biyu, aka karɓe oba-obar, aka ce wa masu gadi kada ya shiga. Aka kuma gaya wa Kurma in ya sake taɓa Tsohuwa ba da izinin manaja ba, a bakin aikinsa.

A rana ta tara da dakatarwar aka kawo mana wata mata da muke kira Maman 'Yan Biyu. Ta fi mako ba ta sami wanki ba, jikinta ya kumbura, numfashi da ƙyar, ko kwanciya ba ta iya yi sai a jingine. Jijiyoyinta duk sun gaji da allura. Awa guda muka yi muna nema kafin likita ya sami guda a wuya, ya ce mini, "Sista, ki kula da wannan kamar ƙwai. In muka rasa ta ban san inda za mu sake samun wata yau ba, ita kuma ba za ta kai gobe a haka ba." Muka ɗora ta a na'ura ta huɗu. Mijinta yana tsaye a baranda da yaran, kowanne ya riƙe masa ƙafar wando ɗaya.

Ba a yi minti ashirin ba waya ta yi ƙara.

"Sista, ni ne. Ku fara sauke su yanzu."

"Baba? Ba an dakatar da kai ba? Daga ina kake magana?"

"Daga saman kangon maƙwabcina. An hana ni tanki ne, ba a hana ni sama ba. Ku sauke su."

Na leƙa taga. Rana kamar ta fasa kai, ko ɗigon gajimare babu. Larabar nan ta faɗo mini a rai.

"Baba, ka tabbata?"

"Ban tabbata ba, 'yata. Amma iska ta tsaya cak, kuma wannan gajimaren ba daga gabas zai zo ba, a kanmu yake haɗuwa. Gara ki sake jin haushina."

Na ce, "Biyar zan iya saukewa. Akwai ɗaya da in na sauke ta na kashe ta, in wuta ta ɗauke ma haka. Baba, wutar nan ba za ta ɗauke ba. Ka ji ni? Ba za ta ɗauke ba."

Ya kashe wayar.

Bai kira Kurma ba, don ya san Kurma zai tashe ta ko da za a kore shi, shi kuwa bai yarda ya jefa amininsa a rami ba. Sai ya kira manaja. Uwar Bokiti ta ce tana gindin tagar tana matse tsumma ta ji manaja yana cewa, "Baba, ga allo a gabana, fes yake." Abin da Baba ya faɗa masa, daga baya manajan da kansa ya maimaita mana: "Yallaɓai, hoton da kake kallo na ɗazu ne, shi kuma wannan yanzu ake haihuwarsa. Ba na roƙon ka yarda da ni. Ka juya wa allon baya ka fito waje, minti ɗaya. Akwai mace a kan na'ura."

Allah ya saka wa yaron nan da alheri, ya fito. Ya tsaya a tsakar fili, hannu a goshi. Uwar Bokiti ta nuna masa jan tsumman da yake rataye a tanki kamar an jiƙa shi, ta nuna masa saitin bayan ofis inda wani farin abu yake kumbura, cikinsa ya fara toka-toka. Ta ce masa, "Yallaɓai, mu dai in muka ga haka kwashe bokitai muke yi." Ya ruga ciki ya ɗauki oba-oba, sai da ya faɗa sau uku kafin Kurma ya ji.

A ɗakinmu mun sauke biyar ɗin, muka taru mu uku a kan na'ura ta huɗu. Hannuna yana kan hannun famfo. Minti goma sha biyar bayan an tashi Tsohuwa ɗakin ya yi duhu kamar magariba, ruwa ya ɓarke. Daga nan gari yana kan batura, ni kuma ina kan agogon bango, na san minti goma sha biyu ne babu ƙari. Maman 'Yan Biyu ta buɗe ido ta ce, "Sista, lafiya kuka zagaye ni?" Na ce, "Kyanki muke kallo." Minti takwas. Tara. A na goma fitilu suka yi ƙyaf, na'urar ta yi ƙara sau ɗaya, sai famfon ya ci gaba da juyawa abinsa. Tsohuwa ta ɗauki kaya, saura minti biyu batura su mutu. Na zauna a ƙasa daɓas ina hawaye, ni da ban taɓa kuka a gaban majiyyaci ba.

Matar nan tana raye. A bana 'yan biyunta suka shiga makaranta.

Washegari manaja ya je gidan Baba da ƙafarsa, da oba-obar a hannu. Ya ce masa ya dawo bakin aiki, kuma ya zaɓi wanda zai koya wa aikin, don allo da ido su riƙa tafiya tare. An zaci zai ɗauki ɗaya daga cikin masu takardu. Baba ya ce Uwar Bokiti yake so, don ita ce take wuni a ƙarƙashin sama tun da aka kafa gonar. Ta ce ita hawa sittin da huɗu sai dai a ɗauke ta a goye. Bayan mako guda tana riga shi kaiwa sama.

Abin da ba mu sani ba shi ne a lokacin ido ya riga ya fara tafiya. Shekara da shekaru yana kallon rana daga sama, gilasai dubbai suna watso masa haske daga ƙasa. Yanar ido ta rufe masa duka biyun a hankali, har ya kai ba ya ganin dutsen sai Uwar Bokiti ta faɗa masa. Shi ya sa ya ajiye aiki, bai jira an ce masa ba. Da na tuna abin da na gaya masa ranar Larabar nan na je na ba shi haƙuri, sai ya yi dariya ya ce, "Ai ke kika riga likita ganowa."

Ranar Talatar da ta wuce aka yi masa aikin ido a asibitinmu, ƙarfe sha ɗaya na safe, ga shi tsakiyar damina. Na bar ɗakina na tura shi da kaina. A ƙofar ɗakin tiyata ya riƙe ƙarfen gadon ya ce a dakata. Likita ya ce, "Baba, tsoro kake ji?" Ya ce, "A'a, likita. Ba a ɗora mutum sai an ji daga sama." Muka yi cirko-cirko. Sai wayata ta yi ƙara a aljihu, Uwar Bokiti ce, na sa ta a fili yadda kowa zai ji.

"Sista, ki gaya wa Baba gabas fes, kanmu fes. Awa biyu, na ɗauki nauyi. A ɗora shi."

Ya ɗago kai. "Kin duba tsumman?"

"Na duba, tsoho mai rigima! Yana kaɗawa yamma. Ka kwanta a gyara maka idon nan, ka zo ka ga yadda na gyara maka kujera."

Sai ya saki ƙarfen.

Jama'a, duk abin da aka kawo mana sabo yana zuwa da giɓinsa, kuma sau da yawa mutum ne yake tsayawa a giɓin ba tare da an sa shi ba. In a wurin aikinka ka ga irin wannan, kada ka jira takarda. Ka je ka tambayi waɗanda abin yake faɗa wa minti nawa suke buƙata, ka rubuta lambarsu ko a bayan hannu ne.

Kai kuma Baba, mai gadin sama, na gode. Na gode a madadin hannuwanmu shida, da Maman 'Yan Biyu, da duk wanda ya kwanta a ɗakin nan ya tashi da jininsa cikakke bai san sunanka ba. Ka yafe mini bakina. Allah ya ba ka lafiyar ido, ka kalli gajimare ka ga kyansa kawai, ba tare da ka laluba agogo ba.

Ka sauko, Baba. An karɓe ka.